Yadda Na Je Abuja Na Suturta Maigidana Karo Na Biyu

Talata: Lafiya zuwa Akwanga

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ina sallame salla, na ɗauki jakata na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata Malama Rifkatu. Ita ce ke rubuta wannan labari, ni ina faɗa, domin ban yi boko ba, ita kuwa shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki. A jakata akwai zani biyu, da buta, da carbi, da ƙuli-ƙuli, da farin yadi biyar da na saya a kasuwa ranar Litinin, naira ɗari da ashirin kowane yadi. Mai shagon ya ce, "Inna lillahi! Iya, wa aka rasa?" Na ce, "Maigidana." Ya ce, "Yaushe?" Na ce, "Shekara takwas ke nan." Ya dube ni, ya yanka yadinsa, bai ƙara tambaya ba.

Acaɓa biyu suka kai mu tasha, naira talatin-talatin. Motar Nyanya ce a kan layi, ƙaramar bas mai cin mutum goma sha huɗu, naira ɗari bakwai kowa. Ba ta cika ba sai shida da rabi. Direban, wani mai surutu da ake kira Sande, ya leƙo ta taga ya ce, "Iyaye na, Abuja biki ne ko asibiti?"

Na ce, "Kallo za mu."

Ya yi dariya. "Kallo da tsufa? Allah ya ba mu irin naku!"

Malama ta taka mini ƙafa.

Bari in faɗi abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta, don wanda bai sani ba ya sani. Maigidana, Baban Halima, wanda nake kira Malam, fataucin gishiri yake yi. Yakan je Awe ya saro, ya kawo kasuwar Lafiya. Shekara uku bayan an ba mu jiha, wata Laraba da hantsi, 'yan fashi suka tare motarsu tsakanin Awe da Obi, suka harbe shi. Ƙanensa Malam Audu ne ya kai ni wurin a bayan akori-kura. Na same shi kwance a bakin kwalta, buhun gishiri ya fashe kusa da shi, hularsa can gefe, rigarsa ta yaye har ƙirji. Na cire mayafina zan rufe shi, sai wani ma'aikaci ya riƙe ni. Ya ce, "Mama, kada a taɓa komai sai mai hoto ya zo. Da hoton nan za a yi shari'a." Na yarda. Awa uku ina tsaye da mayafi a hannu, rana tana dukansa, ko ƙuda ba a bar ni na kore masa ba. Mai hoto ya iso a kan babur daga Lafiya, ya ɗauki abin da zai ɗauka, sannan aka ce in rufe. Ba a kama kowa ba. Ba a yi shari'a ba. Awa ukun nan su ne har yau suke hana ni barci. Malama, ajiye biron in share ido.

To, makon jiya sai Malama ta shigo mini da wata jarida da surukinta ya kawo daga Abuja. Kwana biyu tana ɓoye ta kafin ta iya nuna mini. Na duba, ga Malam kwance a takarda, yadda na same shi a ranar. Malama ta karanta mini, wai wani mai fasaha ya tara hotunan wuraren da aka yi kisa, ya rataye a wani gida a Abuja, manyan mutane suna zuwa kallo. Wai abin ƙawa ne. Wai zuwa ƙarshen wata za a ɗauke su zuwa ƙasar waje. Na ce, "Malama, nawa ne kuɗin motar Abuja?"

Mun wuce shingen Shabu ƙarfe bakwai saura, jami'ai suka leƙa suka ce mu tafi. An yi ruwa da dare, gonakin doya sun yi kore shar. Bayan Nasarawan Eggon muka hau tudun nan da direbobi ke jin tsoro, Sande ya daina surutu har muka sauka. Takwas saura kwata muka shiga Akwanga. Malama ta sayi ayaba ta naira hamsin da gyaɗa ta ashirin. Ta ce, "Maman Halima, ki ci. Faɗa da yunwa ba ya daɗi."

Na ci ɗaya don kada ta dame ni.

Keffi, Mararaba, da cikin Abuja

Tara da kwata muna Keffi. Sande ya tsaya shan mai, muka sauka muka miƙe ƙafa. Daga nan hanya ta buɗe, amma muna isa Masaka sai mota ta koma tafiyar hawainiya. Daga Mararaba zuwa Nyanya, abin da mai ƙafa zai yi a rabin awa, mun yi awa guda da kwata. Sha ɗaya da rabi muka sauka.

An hana acaɓa shiga cikin gari, don haka muka hau doguwar bas ta naira hamsin, sannan mai tasi ya ɗauke mu shata, naira ɗari uku. Malama ta nuna masa adireshin da ta kwafa daga jarida. Ya ce, "Can unguwar manya ce, Mama. Ɗanku ne a can?"

Na ce, "Mijina ne."

Ya ce, "Kai, ashe Hajiya na ɗauko!"

Sha biyu da rabi ya sauke mu a bakin wani farin gida mai furanni. Maigadin dattijo ne, ya ce shi mutumin Doma ne, sunansa Baba Sale. Jin Hausarmu ya tashi ya gaishe mu, ya tambayi mutanen gida. A ciki kuwa wata yarinya mai dogayen farce da ke zaune a tebur ta dube mu daga sama har ƙasa, ta tambaya ko gyaɗa muka kawo. Malama ta gyara gilashinta ta zuba mata Turancin shekara talatin. Yarinya ta miƙe tsaye kamar an kira sunanta a aji.

Ɗakin kallo

Ɗaki ne babba, sanyi kamar cikin randa, bango fari fat. Hotuna goma sha takwas na ƙirga, kowanne ya kai tsawon ƙofa, kowanne da fitilarsa shi kaɗai a bisa kansa. Duk gawarwaki ne. Mutane wajen ashirin suna zagayawa da kofin lemo a hannu, wasu suna tauna cincin. Sai mutum ya tsaya gaban gawa, ya kama haɓa, ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai, kamar mai tayin saniya a kasuwar Asakiyo. Wata mai takalmi mai tsini tana dariya da ƙawarta, bayanta kuwa ɗan wani ne kwance cikin jini.

Ban nemi Malam ba, shi ya same ni. Yana bangon da ke fuskantar ƙofa. Mutumin da shekara talatin da shida ban taɓa ganin ya fita tsakar gida babu hula ba, ga shi kai a buɗe, ciki a buɗe, an ƙara masa girma har ana ƙirga furfurar ƙirjinsa. Malama ta riƙe ni. Na yi kuka, ban ɓoye ba, kuma ba na jin kunyar a rubuta.

Da na iya magana na ce ta karanta mini ƙaramar takardar da ke gefe. Ta ce, "An rubuta: Fari da Ja, lamba bakwai. Mutumin da ba a sani ba."

Farin gishirinsa ne. Jan jininsa ne. Sunan da suka raɗa masa ke nan, kamar atamfa.

Sai ga mai abin ya zo. Sunansa Kabiru, zai yi shekara arba'in, da ɗan gemu, da wando yagagge a gwiwa wanda Malama ta ce da kuɗi ake sayensa a haka. Ɗan Hausawa ne, amma Hausar tasa sai ya yi taku uku ya faɗa cikin Turanci, Malama ta tsamo shi. Ya ce, "Sannu, Mama. Na ga aikin ya taɓa ki. Abin da nake so ke nan, mutum ya ji a jikinsa."

Na ce, "Mijina ne."

Ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Na ce ya dubi ƙasan hoton ta hannun hagu. A can gefe akwai hannun mace riƙe da shuɗin mayafi, jikin bai fito ba, hannun kaɗai. Ya ce, "Ai wannan hannun shi ne ran hoton gaba ɗaya! Turawa biyu sun yi rubutu a kansa." Na ɗaga hannuna na jera da shi. Tabon man ƙosai da ya ƙone ni tun ina amarya yana nan a hoto, yana nan a fata.

Ya ja mu gefe ya hau bayani. Wai mai hoton Lafiya ya rasu, 'ya'yansa suka sayar masa da akwatin fim, wato baƙar ledar nan da ake fitar da hoto daga jikinta, kuma yana da takardar ciniki. Wai shi ba don kansa yake yi ba. Wai a ƙasashen da suka ci gaba irin wannan aiki ana daraja shi. Ya ce, "Mama, waɗannan mutane ne da aka manta da su. Ni na dawo da su idon duniya. Karramawa ce."

Na ce, "Wa ya ce maka an manta da shi? Kai ne ba ka san shi ba. 'Ya'ya biyar ya bari, jikoki sha ɗaya, biyu sunansa suka ci. Kullum sau biyar ana ambatonsa a gidana. Da ka hau motar ɗari bakwai ka tambaya a layin masu gishiri, da yaro ma ya kai ka ƙofarmu."

Ya ce, "Gaskiya ne, Mama. To faɗa mini sunansa, yanzu in sa a canza takardar."

Na ce, "Shekara talatin da shida ina aure da shi, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sai yau zan faɗa maka ka liƙa a bango? Ba sunansa na zo sa wa ba. Sauke shi na zo a yi."

Nan ya nuna mini wani ɗan jan ɗigo da aka manna a gefen takardar. Wai alama ce an riga an saya. Ya faɗi kuɗin, Malama ta maimaita mini sau biyu. Duk gishirin da Malam ya ɗauka a rayuwarsa bai tara rabin wannan ba. Ashe sai da ya mutu ya yi tsada.

Na buɗe jaka na fito da yadina. Tsawona bai kai ba, sai Baba Sale, wanda ya biyo mu tun da ya ji kuka, ya jawo kujera ya hau, ya karɓi bakin yadin ya rataya a saman katakon hoton. Muka saki, ya sauko har ƙasa, muka naɗe ragowar ta gefe. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Na makara."

Kun san abin da mutanen nan suka yi? Tafi. Wallahi tafi suka yi, kamar an gama wasan makaranta. Kabiru ya ruga ya ɗauko kyamara yana ta haska ni. Yana cewa, "Kada ki cire, Mama! A bar shi haka! Abin da aikin ya rasa ke nan, yanzu ya cika!"

Na ce wa Malama, "Ashe hauka ma ana zuwa ƙasar waje a karanto ta."

Na ga dai in na tafi, da ni da yadin duk mun zama kayan kallo. Sai na tuna abin da kowace mace a garinmu ta sani: in an rufe mamaci ba a tafiya a bar shi, zama ake yi. Na ce wa Kabiru gobe zan dawo in zauna. Ya ce, "Bismilla, Mama, har kwana nawa kike so!" Yana murna.

Mun kwana a Mararaba wurin Hannatu, 'yar Malama, wadda ke aikin jinya. Ɗaki biyu ne a gidan haya. Ta daka mana sakwara da miyar agushi, ta ba ni katifarta, ta aro mini tabarma wurin maƙwabta.

Laraba: zama

Shida da rabi muka fita don gudun cunkoso, tara saura muna ƙofa. Na cire takalmina a bakin ɗakin, na shimfiɗa tabarma a gindin Malam, na zauna da carbina. Malama ta zauna a damana da littafin addu'arta.

Baba Sale ne ya fara. Ya cire takalmi ya ajiye kusa da nawa, ya shigo ya durƙusa. "Iya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Na ce, "Amin, na gode."

Bayansa sai mai sharar gidan, wata Batibiya mai suna Dorkas, ta ajiye tsintsiya ta durƙusa ta yi tata addu'ar, ta ce ita ma a hanyar Makurɗi aka kashe yayanta. Baba Sale ya faɗa wa mai shayin bakin titi, mai shayi ya faɗa wa masu gadin layin, su kuma suka faɗa wa direbobin da ke jiran iyayen gidansu. Kafin azahar takalma sun cika ƙofa. Wani ya kawo goro, wani ya kawo ruwan leda, wani Bafulatani mai sayar da agogo ya zauna ya ja addu'a doguwa. Ba wanda ya san Malam a cikinsu, ba kuma wanda ya tambayi me ke ƙarƙashin yadin.

Masu kallo suka fara zuwa wajen sha ɗaya. Sai mutum ya taho da ƙamshin turare, ya ci karo da takalma, ya tsaya. Wasu suka juya. Wasu suka cire nasu suka shigo a sanɗa. Na ga wata ta karɓi kofin lemo, ta dube mu, ta rasa inda za ta kai shi, ta ajiye a ƙasa. Ba wanda ya kama haɓa ranar. Yana da wuya ka karkata kai kana yaba gawa alhali mutum ashirin a bayanka suna cewa amin.

Ƙarfe biyu mai sayen ya zo, wani ƙaton ma'aikacin banki da kwat. An gaya masa wai kayansa ya ƙara daraja. Ya ce a ɗaga yadin ya gani. Baba Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a buɗe mamaci bayan an suturta shi."

Na ce, "Alhaji, ina za ka kai shi?"

Ya ce falonsa, saman teburin cin abinci akwai bango babba.

Na ce, "To in ka kai shi, ka sani ba ya son yaji, kuma ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya samu. Zan riƙa zuwa duk Juma'a ina duba shi."

Wani direba ya fashe da dariya, ya toshe baki. Mai kwat ya dubi takalman, ya dube ni, ya ja Kabiru waje. Ta taga na ga mai kwat yana girgiza kai, ya shiga mota.

Kabiru ya dawo fuska a murtuke. Yanzu Hausarsa ta miƙe sarai, babu Turanci ko ɗaya. Ya ce, "Mama, kin kashe mini kasuwa."

Na ce, "Jiya karramawa ce, yau kasuwa. Madalla da ka kira ta da sunanta."

Ya buɗe baki zai ce a fita, sai Bafulatanin nan ya ce, "Yauwa, ga mai gida ya zo. Mai gida, kai za ka shafa mana Fatiha." Mutane suka ɗaga hannu suna jiransa. Ya tsaya da takalmi a ƙafa, shi kaɗai a ɗakin. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya sunkuya ya cire su. Ya durƙusa, ya karanta, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wata uwa dai ta yi aikinta a kansa, shi ne ya zubar.

Da aka shafa na ce, "Ɗana, mahaifinka yana da rai?"

Ya ce ya rasu, shi kuwa lokacin yana ƙasar waje wurin karatu, sai a waya aka gaya masa.

"Wa ya rufe shi?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Ko wane ne, bai jira mai hoto ba. Ka gode masa."

Ya tashi ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa. Mun zauna har biyar, lokacin da ake tashi.

Alhamis: abin da aka ba ni da abin da aka hana

Da muka iso tara, bangon Malam babu kowa, sai fitila tana haska fenti. An cire shi daga katako an naɗe kamar tabarma, da yadina a jikinsa. Kabiru ya miƙo mini ambulan, a ciki akwai baƙar ledar fim mai gida huɗu. Malama ta ɗaga ta a haske ta tabbatar. Ta kuma sa shi ya goge hotunan da ya ɗauke ni a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa kamar mai karɓar jarrabawa.

Kada ku ce ya tuba. Na tambaye shi sauran goma sha bakwai fa? Ya ce, "Su ba wanda ya zo nemansu, Mama. Duk wanda nasa ya zo, zan sauke." Ya faɗa yana kallon ƙasa, amma ya faɗa, kuma Baba Sale da Dorkas shaida ne. Wato in ba ka da mai kuɗin mota, kai kayan ado ne.

Sai na ce wa Malama ta fito da biro. Muka bi bango, ni ina duban kayan da ke kusa da kowa, ba jikinsa ba, ita tana rubutawa. Duka daga akwatin mai hoton Lafiya suka fito, don haka mutanenmu ne. Akwai mace da koren zani mai zanen kifi, kusa da tarin doya, da ɗan kunne ɗaya. Akwai samari biyu a bakin gada da jan babur. Akwai makiyayi da sandarsa da gorarsa, da malafa mai baƙin baki. Akwai dattijo a ƙofar shagon injin niƙa, da gicciye a wuya. Sauran suna cikin littafin Malama. Na gaishe su ɗaya-ɗaya, na ba su haƙuri. Yadin mutum ɗaya na zo da shi.

Komawa gida

Sha ɗaya da rabi muna tashar Nyanya. Yaran mota suka kama naɗin za su cusa a but tare da buhunan albasa. Na ce a'a. Direba ya ce to a ɗaure a sama. Na ce, "Nawa ne kujera?" Ya ce ɗari bakwai. Na biya uku. Malam ya zauna a tsakaninmu, kansa a kafaɗata, ƙafarsa a ƙarƙashin kujerar gaba. Tunda muka yi aure ba mu taɓa tafiya mota ɗaya kafaɗa da kafaɗa ba sai ranar.

Sha biyu da kwata muka tashi. Biyu saura muna Keffi, na sauka na yi azahar, Malama ta riƙe shi. Bayan Garaku aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i matashi ya leƙo ya nuna naɗin da baki. "Mama, mene ne wannan?"

Na ce, "Maigidana ne."

Ya dubi farin yadin, ya dubi idona. Malama ta fara yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Ya buga jikin mota muka wuce. Wannan bai je ƙasar waje ba, amma ya san abin da ba a buɗewa.

Akwanga uku da rabi, ruwa ya tare mu a kan tudu, muka sauka a hankali. Biyar saura minti goma muka shiga Lafiya.

Malam Audu yana jira a ƙofar gida da limamin unguwa. Liman ya ce ba a yi wa mamaci salla sau biyu, kuma takarda ba gawa ba ce, amma suturta al'aurar Musulmi wajibi ne ko a takarda take. Ban yarda a ƙone ba. Aka sa fim ɗin cikin yadin, maza huɗu suka tafi da shi maƙabarta kafin magariba, suka haƙa a kabarinsa ta wajen ƙafafunsa suka binne. Ni na zauna a ɗakina yadda mata ke zama. Da Malam Audu ya dawo ya tsaya a bakin labule ya ce, "Yaya, an rufe." A wancan karon ma haka ya ce. Wannan karon ne na yarda.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malama Rifkatu, wadda ta bar kajinta kwana uku ta bi ni, da Hannatu da katifarta, da Baba Sale, da Dorkas, da duk wanda ya cire takalmi don mutumin da bai sani ba. Kabiru kuwa, Allah ya ba shi sana'a.

Ba don daɗin labari na sa aka rubuta awa da kuɗin mota ba. A karanta wannan a masallaci da coci da kasuwa, a Lafiya da Obi da Awe da Asakiyo, da rugagen da ke tsakani. Duk wanda aka taɓa ce masa ya jira mai hoto, ya zo gidana, littafin Malama yana nan da adireshin. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗauke su. Ku fita da asuba saboda cunkoson Mararaba, ku tafi da tabarma, ku tanadi kuɗin kujera ɗaya ta dawowa. Yadi kuma ku sayi biyar. Huɗu ba ya isa, sun ƙara musu girma.